Sunayen da Na Hana Ka

Zuwa ga ɗana Abba, a can Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina biyu, waɗanda har yau a hoto kaɗai na san su. Mu nan Haɗeja sai godiya. Ruwa ya fara janyewa, masu alkama sun shiga gyaran fadama. Innarka tana gaishe ka. Ƙafar ce dai har yanzu.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Bitrus ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce kada ya gyara mini magana, ya sa ta yadda ta fito, in ta karkace laifina ne. Ya ce maganar uba da ɗa a ambulan ake rufe ta. Na ce wannan ba ta rufewa ba ce. A buga ta a takardar labaran ƙungiya da ake raba wa ƙauyuka, a karanta wa irina da ba su iya ba, sannan a aika maka taka. A gaban jama'a na kunyata ka, ba zan koma bayan ɗaki in ba ka haƙuri ba.

Kuma akwai abin da nake nema a wurinka. Zan faɗe shi, amma ka bari in bi ta hanyata. Tsoho ba ya tsallake rami.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga makaranta da difloma ta kwamfuta? An yi sabuwar jiha, kowa na cewa aiki zai yi ta neman mutane. Ka goge rigarka, ka tafi Dutse. Ka dawo, ka tafi Kano. Ka sāke komawa Dutse. Ko'ina tambaya ɗaya suke maka: a ina ka taɓa aiki? Kowa na son wanda ya riga ya fara, ba mai son a fara a wurinsa. Ni abin ya ɗaure mini kai. Ranar da ubana ya ɗora ni a kan gora ya tura ni cikin kogi, bai tambaye ni ko na taɓa iyo ba.

Damina biyu kana zaune. Na ga yadda ka fara fita ta ƙofar baya don kada ka bi ta gaban majalisarmu.

Sai ga maganar ƙungiya. Malam Bitrus, bayan ya ajiye alli, shi ne sakataren ƙungiyar manoma da masunta, wadda ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta 'yan kasuwa ba. Wasu masu taimako sun ba su kwamfuta. Ba wanda ya iya ta. Suka lulluɓe ta da atamfa a kusurwar ofis kamar amarya, wata da watanni, ana share ƙasa a kewaye ta. Kai ka je da ƙafarka ka ce za ka yi musu aiki da ita. Suka gaya maka gaskiya, ba su da albashin da za su ba ka. Ka ce ka sani. Abin da kake so, in ka gama, su rubuta maka takardar shaida cewa ka taɓa aiki, kuma ga abin da ka yi.

Da ka zo ka faɗa mini, ban bar ka ka kai ƙarshe ba. Na ce ban hana kaina ba, ban hana Innarka ba, don in haifar wa mutane bawa. A majalisa kuwa sun samu abin taunawa. Duk sanda ka wuce sai a ce ga ma'aikacin Allah-ya-ba-da-lada nan. Ina ji, ina yin kamar rediyo nake saurare.

Ka ce da ni, “Baba, ai gayya ce.” Na ce gayya yini ɗaya ce, da kiɗa da fura, da la'asar kowa ya ga inda aka nome. Wace irin gayya ce mutum shi kaɗai a ɗaki, yana ƙwanƙwasa akwati har wata tara?

Washegari ka tafi ka kama aikin.

Aikin da suka sa ka kuwa, ba wanda ya fi ni sanin amfaninsa. Tun da aka datse ruwa a can sama, cikowa ta daina zuwa yadda muka gada. Wata shekara ta zo a makare, wata shekara ta tsaya rabin hanya. Ruwa ya ragu, rigima ta ƙaru. Ƙungiya ta ce a tattara sunan kowane tafki da kowane kwari da kowace fadama, a rubuta mai haƙƙi a kai, don in an je gaban hukuma neman a sako ruwa, ko an zauna sulhu, a samu abin nunawa.

Wa ya san sunayen nan? Ni. Kakanka shi ke kiran ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, a wannan yanki, shi ke faɗin tafkin da za a shiga da wanda za a bari ya huta. Ya zuba mini su a kai tun ina riƙe masa mali, goran zuba kifi. Daga bayan Auyo har inda ruwa ke rabuwa gabas, ba kududdufin da ban san sunansa da sunan wanda ya fara kafa sanda a bakinsa ba.

Ka zo zaure da hantsi. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, littafi a hannu. Na bar ka a durƙushe har na gama ɗinke komata. Sannan na ce duk abin da aka rubuta, wata rana haraji za a ɗora masa, na ga haka da idona tun zamanin Turawa. Na ce sunan ruwa ba a ba wa baƙo, balle akwati.

Abin da na faɗa maka ke nan. Akwai wanda ban faɗa ba. Malam Bitrus ya ɗago kai yana kallona, na ce ya rubuta. Tsoro nake ji, Abba. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta, ƙarfin jan taru ya tafi. Abin da ya sa bulamai ke aiko mini da goro, abin da ya sa ake tsayar da babur a ƙofar gidana, sunayen nan ne. Na ce a raina, in akwati ya haddace su, wa zai ƙara yi mini sallama?

Ka ari babur ka shiga ƙauyuka kai kaɗai. Rani ne, ƙasa ta bushe. Duk inda ka je, wanda ka tarar a kai shi kake tambaya, nan na wa ne? Shi kuma ya ce nasa ne, kuma bai yi ƙarya ba. Tsarin da masu kwamfutar suka aiko da shi gurbi ɗaya gare shi na mai wuri. Ka cike shi.

Ba laifinka ba ne da ba ka gane ba. Ni na hana ka ruwa. Tun kana ƙarami na tura ka makarantar kwana, in ka zo hutu na ce kada in gan ka a bakin kogi, hannun biro ba na ƙarni ba ne. Na raba ka da abin, na dawo ina jin haushin ba ka san shi ba.

Ina tuna yammacin da ka kawo takardun gida. Ka zauna a tsakar gida wai kana karanta wa Innarka. Innarka da ba ta san gabas da yamman fadama ba! Ka ɗaga murya yadda ba ka saba ba. Ni ina zaure, katanga ɗaya tsakaninmu. Na san don ni kake yi. Na ji ka ce, Kwarin Baushe, na Malam Idi. Ka tsaya a nan, kana jira in gyara maka.

Kwarin Baushe na Malam Idi ne daga janyewar ruwa zuwa yankan alkama. In ruwa ya ciko, tafkin gidan Ɗangwani ne, ko Idi bai isa ya jefa ƙugiya ba sai da izninsu. In an kwashe amfani kuma, hanyar shanun Arɗo ce zuwa mashaya, tun kakanni. Ƙasa ɗaya, masu ita uku, kowa da watanninsa. Haka rabin fadamar nan take. Kalma goma ta ishe ni in gaya maka.

Na yi tari. Na tashi na tafi masallaci, alhali ba a kira ba.

Ranar taro ba sai na tuna maka ba, amma zan faɗa saboda masu ji. An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawar ofis. Bulamai sun zo daga Auyo da Kaugama da Malam Madori, ga masunta, ga Fulani a gefe sun jingina da sandunansu. Ka miƙe cikin farar riga ka fara karantawa. Suna na farko, aka yi gunaguni. Na uku, 'yan gidan Ɗangwani suka tashi tsaye. Kafin ka kai na shida, Arɗo ya saɓa sandarsa ya juya, mutanensa suka bi shi. Wani ya ɗaga murya ya ce an haɗa baki da manoma za a cinye musu ruwa da takarda.

Duk ido ya dawo kaina. A nan ne zan iya cewa, jama'a ku zauna, yaro ya yi ƙoƙari, da rani ya je, ga abin da ya rage. Da an zauna.

Na miƙe na ce, “Akwatin nan bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba, mai ba shi labari ma haka.”

Aka kwashe da dariya. Har waɗanda suka tashi suka dawo. Na shiga jero wuraren daga kaina, ɗaya bayan ɗaya, na ruwa da na rani da na shanu, ana cewa haka ne, Baba Sale, Allah ya ja kwana. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Rabon da a saurare ni haka an daɗe. Sai da na zauna na hango ka kana ninke takardunka, a hankali, gefe da gefe, kamar mai naɗe likkafani.

Innarka ta yi kwana bakwai tana ajiye mini tuwo ba ta ce mini ci kanka ba.

Na ɗauka ka bar aikin ke nan. Na ma shirya abin da zan ce in ka bari. Ba ka bari ba. Ka jira ruwa ya ciko, ka shiga kwale-kwale, kai da ba ka iya riƙe filafili ba. An ce sau biyu kana kifewa a cikin ciyawar kacalla. Kowane wuri ka je masa sau uku, da ruwa, da rani, da bayan girbi. Ka zauna da masunta, ka bi Arɗo har ruga ka sha nono ka ba shi haƙuri a kan laifin da ba naka ba. Ka je wurin kowane tsoho a yankin nan, har Malam Idi da ba ma ga maciji da shi. Ni kaɗai ba ka ƙara tambaya ba.

Malam Bitrus ya ce ka warware tsarin da aka aiko da shi, ka sāke gina shi da gurbi uku. In an ɗauke wuta ka zauna ka jira, in an kawo ka ci gaba. Ka koya wa mata biyu na ofis, Rahila da Hajiya Ladi, har suka iya ba tare da kai ba. Wata tara ya zama shekara biyu. Ni ina majalisa ina cewa taurin kai ne, ban san inda ka gado shi ba.

Malam Bitrus ya rubuta maka takardar shaidar. Ya ce bai taɓa rubuta shaidar da ta kai shafi biyu ba sai taka. Da wani kamfani na can Fatakwal suka kira ka, an ce ba su daɗe a kan diflomarka ba. Maganar gurbi uku suka riƙe, suna ta tambaya yadda aka yi ka gano, da yadda ka gyara bayan ka yi kuskure a gaban mutane. Abin da na yi don in karya ka, shi ka ɗauka ka kai musu. Wannan hikimar Allah ce, ba alherina ba.

Ranar tafiyarka ka durƙusa a zaure, wuri ɗaya da na bar ka da littafi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan abin da na ce. Shekara shida ke nan. Saƙonka na zuwa, gaisuwarka na zuwa ta bakin Innarka, ba ka taɓa yanke mana komai ba. Ƙafarka ce ba ta zuwa, kuma ban ga laifinta ba.

To, ga abin da ya faru.

Watan jiya wasu mutum biyu suka zo daga wajen Auyo, suna jayayya a kan wani tafki da ke bayan tsohuwar marina. Na san shi kamar tafin hannuna. Na kama tarwaɗa a cikinsa da ta kai tsawon ƙafata. Na buɗe baki in faɗi sunansa, babu. Na ga bishiyar da ke bakinsa, na ga kakanka tsaye a ciki ruwa iya ƙugu, amma sunan ya tafi. Na ce su sha ruwa tukuna. Na zaga bayan gida na dawo. Babu. Na ce su dawo jibi, ba na jin daɗi.

Kwana biyu ina nema. A rana ta uku na ɗauki sandata, na bi ta lungu don kada 'yan majalisa su ga inda na nufa. Karo na farko ke nan da na taka ofishin nan. Rahila ta ba ni kujera, ba ta nuna mamaki ba, Allah ya yi mata albarka. Na kwatanta mata wurin. Ta ƙwanƙwasa akwatinka sau kaɗan, ta ce, Tafkin Mai Zabi. Na ruwa wane, na rani wane, na shanu wane. Daidai, ba kuskure ko ɗaya.

Na zauna ina kallon abin da na ce bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Ina shirin tashi ta ce, Baba, tun da Allah ya kawo ka, akwai naka a ciki. Na ce nawa kamar yaya? Ta ce akwai wuraren can gabas, cikin surƙuƙi, waɗanda ka bi duk tsofaffi ba wanda ya tabbatar maka da su. Ba ka yi kintace ba, ka bar guraben fayau. A gaban kowanne ka rubuta abu ɗaya. Ta juyo mini da gilashin, ni da ba na karatu, ta bi da yatsa tana karantawa. A tambayi Baba. A tambayi Baba. A tambayi Baba. Har ta gaji ta daina.

Shekara shida maganar nan tana zaune a cikin akwati tana jirana, ni ina gida ina tsoron zai ƙwace mini sallama.

Ban san yadda na iso gida ba. Innarka ta ga fuskata ta ce wa ya rasu.

Abba, ka yafe mini. Na hana ka abin da yake gādonka ne, na kuma tsaya a gaban mutane na yi ado da shi. Waɗanda suka yi dariya a gindin ɗorawa, da yawansu suna raye, za a karanta musu wannan. Su ji daga bakina: yaron ya fi ni gaskiya. Gayya ce ya yi, ni ne na zo na zauna a inuwa ina kushe noma. In kuma akwai uban da ɗansa ya ce zai je ya yi wa wata ƙungiya aiki kyauta don hannunsa ya faɗa, ban ce kada ya tambaya ba. Ya tambaya me za a koya, wa zai yi shaida, yaushe za a gama. Amma in ya gama tambaya, ya ba shi abin da ya sani.

Yanzu ga roƙona. Sunayen suna zuba, ɗaya-ɗaya, kamar gero a buhun da ɓera ya huda. Na gabas ɗin nan ba mai su sai ni. In na tafi da su, ranar da ruwa ya koma can, jikokin mutane za su fasa wa juna kai a kan abin da kalma goma za ta kashe. Rahila ta ce in zauna ta shigar da su, yini uku ya isa. Na ƙi. Malam Bitrus ya yi mini faɗa, ya ce wannan shi ne halin da ya kawo mu nan. Na ce na ji, amma wanda ya rubuta a tambaye ni, shi zai tambaye ni. Ka san ubanka. An gyara wani wurin, wani wurin sai kabari.

Ya ce to in Allah ya yi ikonsa kafin ka iso fa? A nan kam ya fi ni gaskiya. Mun yi sulhu a kan in ba ka ɗaya yanzu, kafin alƙalami. Rubuta, Malam.

Gulbin Kuka Biyu, gabas da mashayar Arɗo, inda ruwa ke yin baƙi. Da cikowa na gidanmu ne. Da rani na zuriyar Bulama Gaji ne, suna shuka tattasai a gefen arewa. Bayan girbi ba na kowa ba ne, ba a kora dabba, ba a kafa shinge, saboda alkawarin da aka yi shekarar yunwa. A nan kakanka ya ɗora ni a kan gora. A nan ya kamata in ɗora ka.

Sauran suna nan, na riƙe su da haƙori. Kullum bayan sallar asuba ina bitar su kamar mai tilawa, ina lissafawa da carbi. Ka nemi hutu ka zo kafin bazara, tun ana iya shiga da ƙafa, in nuna maka kowanne da sandata. Ka zo da yaran su ga ruwa, kada ka yi musu irin tawa. Aikin zai ɗauke mu kwanaki, don na fi akwatinka jinkiri, kuma zan yi ta gardama.

Ba zan biya ka ko kwabo ba. Ai ka saba. Amma Innarka ta ce ita za ta dama furar, ni kuma na yi magana da mai kalangu.

Allah ya yi maka albarka, ya albarkaci hannun da ka yi wa mutane aiki da shi ba ka jira lada ba. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi mini, kada ya sa ka yi musu abin da na yi maka. Allah ya kawo ka lafiya, ya ara mini kwana da hankali har ka iso. Amin.

Sunan ubana gare ka, ban taɓa kiran sa da bakina ba, yau ma ba zan fara ba. Malam Bitrus ya san shi, zai sa a bayan taka. Ni ga babban yatsana na dangwala a ƙasa.

Mahaifinka,
Sale Masunci, Haɗeja.